Ƙidayar Ciki Mako-Mako: Jagora ga Mai Juna Biyu a Abu Hujar da Kewaye

A ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, tun daga Mai Wurno har Abu Hujar da Wad al-Nayyal, in an tambayi mace watan cikinta, amsar ba ta wuce "ya kai shida, ko bakwai." In cikin fari ne ma ba za ta tanka ba, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Kunya ba laifi ba ce. Sai dai tsakanin shidan nan da bakwai akwai mako huɗu cur, kuma a cikinsu ne jariri ke tashi daga gram 600 zuwa kilo guda, ya bar matakin da in ya faɗo da wuya ya rayu, ya shiga matakin da ake sa masa rai. Ungozomar asibiti, wadda a nan aka fi kira daya, da mako take aiki. Da shi take sanin ranar allura, da lokacin da ya kamata a ji motsi, da ko ciwon marar da kike ji laulayi ne ko haɗari. A ƙasa irin tamu kuwa, inda ruwan damina ke mayar da baƙar ƙasa laka mai riƙe mota, ƙidayar mako ce za ta gaya miki tun da wuri ko haihuwarki za ta faɗo lokacin da hanya ke biyuwa, ko lokacin da ta yanke tsakanin ƙauye da kwalta.

Yadda ake ƙidaya

'Yar'uwa, ranar da za ki riƙe ita ce ranar farko ta jinin al'adarki na ƙarshe. Ba ranar wankan tsarki ba, ba kuma ranar da laulayi ya fara ba. Daga wannan rana zuwa haihuwa kwana 280 ne, wato mako 40.

In da watan bature kike lissafi, ki ƙara kwana 7 a kan ranar, sannan ki ƙirga wata 9 gaba. Wadda ta ga jini a 10 ga Nuwamba, ana sa ran haihuwarta wajen 17 ga Agusta, tsakiyar damina ke nan. In da watan Musulunci ne, wata tara da rabi za ki ƙirga: jinin 1 ga Muharram, haihuwa tsakiyar Shawwal. Wannan rana ƙiyasi ce, mata kaɗan ne ke haihuwa a cikinta daidai. Duk haihuwar da ta zo daga mako na 37 zuwa na 42 ta zo a kan kari.

Ki rubuta ranar a bayan kati, ko ki sa a rubuta miki, ko ki ɗaure ta da wani abu da ba a mantawa, kamar jajibirin salla ko ranar da aka fara yankan riɗi. In ciki ya shiga kina shayarwa ba ki ga jini ba, sikanin da aka yi a watanni ukun farko shi ya fi kowane lissafi faɗin gaskiyar makon.

Mako 1 zuwa 4: kafin ki sani

A mako biyun farko babu cikin ma tukuna, jiki ne ke shiri. Wajen kwana na 14 ƙwai ke fita, ya haɗu da maniyyi a cikin bututun da ke gefen mahaifa. A mako na 3 yana gangarowa yana rarrabuwa, a na 4 ya dasu a jikin mahaifa. Wasu matan sukan ga ɗan ɗigon jini a lokacin su ɗauka al'ada ce, daga nan lissafinsu ke karkacewa. Da kin ga ɓatan wata, tsinken gwajin fitsari da ake sayarwa a kantin magani zai nuna miki, musamman da fitsarin asuba.

Daga ranar ki dakatar da duk maganin da ba likita ya ce ya dace da mai ciki ba, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Ki fara shan folik asid, maikirogram 400 kullum. Wadda ke neman ciki ma ta fara tun kafin ya shiga, don aikinsa mafi girma yana ƙarewa ne kafin yawancin mata su tabbatar suna da ciki.

Mako 5 zuwa 8: laulayi da ginin gaɓoɓi

A mako na 5 ɗan tayin bai wuce ƙwayar riɗi ba, wajen milimita 2. A na 6 zuciya ta fara bugawa, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka kuma yana rufewa. Rufewar nan ce folik asid ke taimakawa, in ta samu cikas ake haifar yaro da buɗaɗɗen baya. A na 7 tohon hannaye da ƙafafu ya fito. A na 8 tsawonsa ya kai santimita ɗaya da rabi, yatsu sun fara rabuwa. Tun ran gini tun ran zane: duk abin da zai ɓata halitta, magani ne ko zazzaɓi mai zafi, a makonnin nan ya fi yin ɓarna. Saboda haka a jingine zaman ramin duhan da duk wani turare mai ɗaga zafin jiki har gumi ya tsatso.

Ke kuma a lokacin ne jiki ke juya miki. Nono ya cika yana tsami, fitsari a kai a kai, kasala da barci, yawu ya ƙi tsayawa, warin soyayyar albasa ko na kifi ya zama abokin gaba. Sinadaran ciki ne suka hau jini, ba cuta ba ce. Tashin zuciya yakan fara wajen mako na 6, ya kai ƙololuwa wajen na 9, ya sassauta daga na 12 zuwa na 14. Abin da ke rage shi: ki ci wani abu busasshe, kamar gutsuren burodi ko kisra, kafin ki sauko daga gado. Ki riƙa cin kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon cika ciki sau biyu. Ki kurɓi ruwa tsakanin abinci, ki gwada citta ko lemon tsami. Amma in amai ya hana ko ruwa zama yini guda, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, wannan ya wuce laulayi, sai ƙarin ruwa a asibiti.

Haɗarin da ya kamata kowane gida ya sani a nan shi ne cikin da ya zauna a bututu maimakon mahaifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ɗigon jini, jiri ko suma, wani lokaci har da ciwon kafaɗa. In bututun ya fashe jini a ciki yake zuba, ba a ganinsa. Ba a jiran gari ya waye, sai asibitin da ake tiyata.

Mako 9 zuwa 13: awon farko

A mako na 10 tsawonsa santimita 3 ne, manyan gaɓoɓi duk sun samu, abin da ya rage girma da ƙwari. A na 12 ya kai santimita 5 zuwa 6, nauyinsa wajen gram 14, yana motsi amma ba za ki ji ba tukuna. Mabiyiya ta karɓi aikin ciyar da shi, mahaifa kuma ta fara leƙowa saman ƙashin mara. Yawancin ɓari kafin ƙarshen mako na 12 yake faruwa, kuma galibi daga halittar ɗan tayin ne tun farko. Ba daka ko ɗaukar tulu ya jawo ba, don haka kada a ɗora wa mace laifi.

Kafin mako na 12 ya cika ya kamata ki je awon farko. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau takwas: a cikin mako 12 na farko, sannan a na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. In ba za ki samu takwas ba, kada ki yi ƙasa da huɗu. Kada kuma ki raina dayar gwamnati don ba likita ba ce. Horar da su ya daɗe a Sudan, tun makarantar ungozoma da aka buɗe a Umdurman a 1921.

Abin da za a yi miki a ranar: awon jini da nauyi, gwajin fitsari, gwajin yawan jini, rukunin jini, da gwajin cututtukan da uwa ke iya sa wa ɗa, wato tunjere, ciwon hanta da ƙanjamau. In jininki mai alamar "negetif" ne, ki riƙe wannan da kyau, akwai allurar da ake yi miki cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba. In akwai sikila a danginki ko na maigida, ku yi gwaji ku biyu, musamman in auren zumunta ne.

Ki faɗa wa daya gaskiyar tarihinki: ɓari nawa, an taɓa yi miki tiyata, kin taɓa jijjiga ko zubar jini, jariri ya taɓa zuwa ba rai. Wadda aka yi wa kaciyar da ake ɗinkewa ta faɗa tun yanzu, don a tsara yadda za a buɗe kafin haihuwa ko lokacinta, kuma kada ta yarda a sake ɗinke ta. Dokar Sudan ta haramta kaciyar mata tun 2020.

Mako 14 zuwa 19: jiki ya saki, jini na neman ƙari

Nan ne yawanci ake samun sauƙi. Amai ya tafi, ci ya buɗe. Baƙin layi ya fito daga cibiya zuwa mara, kan nono ya ƙara duhu, wani lokaci wani abu ya soke ki a gefen mara in kin miƙe da sauri, jijiyoyin da ke riƙe mahaifa ne ke miƙewa. A mako na 16 jariri ya kai gram 100. Wadda ta taɓa haihuwa takan fara jin motsi tun lokacin, mai cikin fari kuwa sai mako na 18 zuwa 20. Kwana 120 ɗin da malamai ke cewa ana busa rai, in an ƙirga daga shigar ciki, yana faɗowa wajen mako na 19 a lissafin asibiti.

Babban aikinki a nan shi ne jini. Kafin ki haihu jinin jikinki zai ƙaru da kusan rabi, kuma sai da sinadarin ƙarfe ake yin sa. In gwaji ya nuna ƙasa da 11 jini ya yi ƙasa, ƙasa da 7 kuwa haɗari ne. A gida ma ana iya dubawa: ki tsaya gaban madubi da rana, ki ja fatar idonki ta ƙasa. In cikin ya yi ja, madalla. In ya yi fari fat, tafin hannu ma ya koɗe, kina haki daga ɗan tafiya zuwa bakin rijiya, ki je a gwada.

Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum har bayan haihuwa. Za ta baƙanta bayan gida, ba komai. Maganar da ake yi cewa tana ƙara wa jariri girma har ya ƙi fita ba ta da tushe. Abin da take yi shi ne ta ba ki jinin da za ki jure zubar haihuwa. Shayi shi ne matsalarmu a Sudan: yana hana hanji tsotsar ƙarfe. Ki raba shi da abinci da ƙwayar da awa ɗaya ko biyu, ki rage jabana, wato kofi. Ki haɗa ƙwayar da ruwan lemo, gwaba ko ruwan kuka. Abincin yana kusa da ke: ful, adas, wake, gyaɗa, riɗi, ƙwai, madarar da aka tafasa, miyar lalo da zogale, nama in ya samu, da karfasa da tarwaɗar da masuntanmu ke fitarwa daga kogi. Kwaɗayin cin farar ƙasa ko tabon bakin kogi sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma cin ƙasar na ƙara shi, ga tsutsar ciki. Bayan wata uku daya na iya ba ki maganin tsutsa.

A nan kuma ake fara allurar rigakafin tetanas: biyu, da tazarar mako huɗu, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Ita ke kare jariri daga ciwon da ke shiga ta cibiya ya sandare masa baki ya kasa kama nono.

In azumi ya same ki da ciki, shari'a ta yi miki rangwame in kina tsoron cutuwa ko cutar da abin da ke cikinki. A zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, jiri, raguwar motsi ko fitsari mai duhu sun isa dalilin ajiye azumi.

Mako 20 zuwa 27: rabin tafiya

A mako na 20 saman mahaifa ya kai cibiya, jariri ya kai santimita 25, gram 300. Tsakanin mako na 18 da na 22 ne sikanin ya fi amfani: yana nuna ko tagwaye ne, inda mabiyiya ta kwanta, da lafiyar gaɓoɓi. Ko sau ɗaya tak za ki iya biya, ki yi shi kafin mako na 24, a Sinja ko Sinnar. Ana ganin namiji ne ko mace, amma ba wannan ne ya kai ki ba.

A mako na 22 zuwa 24 yana jin sauti, har da muryarki. A na 24 ya kai gram 600. A na 26 idanu sun fara buɗewa. Daga mako na 24 za ki ga daya ta kwantar da ke, ta lalubo ƙashin mara ta ɗora kan tef, ta ja shi zuwa saman mahaifa. Adadin santimita kan yi daidai da adadin makonni, da bambancin biyu sama ko ƙasa. Sai ta kafa ƙahon sauraro a cikinki ta kara kunne tana duban agogo: bugun zuciyar jariri 110 zuwa 160 ne a minti. In tef ya yi nisa da makon, ko lissafi ne ya kuskure, ko tagwaye ne, ko jaririn ba ya girma yadda ya kamata. Ga amfanin ranar da kika rubuta.

Ƙwannafi, taurin bayan gida, basir, ciwon baya da ɗaurewar ƙafa cikin dare duk na wannan lokaci ne. Ruwa da yawa, ganye, tsamiya da 'yar tafiya suna taimakawa. Kada ki sha kanwa don ƙwannafi, gishirin da ke cikinta na tayar da jini. Tsakanin mako na 24 da 28 ake gwajin ciwon suga na ciki, musamman ga mai ƙiba, ko wadda ta taɓa haifar jariri mai kilo 4, ko mai suga a dangi.

Daga mako na 20 kuma hawan jinin ciki ke iya farawa. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama, ga furotin a fitsari, hanyar jijjiga ke nan. Kumburin ƙafa da yamma wanda ke saɓewa da safe ba abin tsoro ba ne. Na fuska da hannu, har zobe ya ƙi fita, tare da ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi ko ciwo a ƙahon zuci, shi ne abin gudu. Jijjiga ba iska ba ce, ba a yi mata hayaƙi. Allurar magniziyam ce maganinta, a asibiti.

Sauro, ruwa da damina

Zazzaɓin cizon sauro a jihar Sinnar ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa bayanta, kuma mai ciki, musamman ta fari, ta fi kowa rauni gare shi. Ƙwayar cutar na taruwa a mabiyiya, ta cinye jinin uwa, ta rage wa jariri abinci, ko da uwar ba ta jin zazzaɓi sosai. Ki kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, ko a tsakar gida kika fitar da gadon angarib saboda zafi. Ki tambayi daya ko ana ba da Fansidar na rigakafi a cibiyarku, ana fara shi ne daga mako na 13, da tazarar wata guda aƙalla. Duk zazzaɓi a yi gwajin jini a ranar, kada a saya magani da ka. Parasitamol ba laifi kafin a isa.

Ruwan kogi da na tafkin hafir a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar kulorin kafin a zuba a randa. Ban da kwalara, akwai nau'in ciwon hanta da gurɓataccen ruwa ke kawowa wanda ya fi kashe mata masu tsohon ciki. Ido ya yi rawaya, shawara ke nan, asibiti kai tsaye. Jini a fitsari ko a bayan gida ga mai wanki a magudanar ruwa yana iya zama tsargiya, kuma tana da maganin da mai ciki ke iya sha.

Mako 28 zuwa 35: nauyi da shiri

A mako na 28 jariri ya kai kilo 1, a na 32 wajen kilo 1.7, a na 34 ya haura kilo 2. Kitse yake tarawa, ƙwaƙwalwa na girma, huhu na koyon yin sinadarin da zai hana shi manne bayan numfashin farko. Shi ya sa bakwaini ke fama da numfashi. Maganar cewa ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa ba gaskiya ba ce, kowane mako a ciki riba ne. In naƙuda ta taso ko faya ta fashe kafin mako na 34, akwai allurar da ake yi wa uwa don ƙosar da huhun jariri, kuma tana son lokaci kafin ta yi aiki. In kuma ya riga ya zo, a manna shi tsirara a ƙirjin uwa, a ɗaure da zane, a sa masa hula, a nufi asibiti a haka.

Za ki ji haki, barci ya yi wuya, ciki ya riƙa ɗaurewa yana saki ba tare da tsari ba. Daga mako na 28 ki riƙa kwanciya a gefe, ba rigingine ba, don nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ki san lokutan da ɗanki ya saba motsi. In ya ragu, ki kwanta a gefen hagu ki saurara. Ba ki ji motsi 10 cikin awa 2 ba, ki tafi a ranar. Jariri ba ya daina motsi don haihuwa ta kusa.

Nan ne aikin maigida da uwar miji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mako na 34 a yanke waɗannan:

- Inda za a haihu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, ya iso Sinja a ƙarshen Yuni 2024, ya girgiza harkar lafiya a jihar. Maigida ya je da ƙafarsa ya tabbatar wane asibiti ne ke tiyata da ƙarin jini a yanzu, dare da rana.
- Abin hawa: lambar mai mota ko mai raksha, da mai karo ko tarakta in laka ta hana.
- Kuɗin da aka ware, ba wanda za a jira a sayar da tunkiya ba.
- Mutum biyu daga dangi da za su ba da jini.
- Izini tun yanzu: in abu ya taso maigida yana gona ko bakin kogi, a tafi da ita ba sai ya dawo ba.

In ranar haihuwa ta faɗo tsakanin Yuli da Oktoba kuma ƙauyen na nesa da kwalta, ki koma gidan dangi a Abu Hujar ko Sinja tun mako na 36. Goyon ciki al'adarmu ce, sai a zaɓi gidan da ya fi kusa da asibiti. Wannan ya zama dole ga mai cikin fari 'yar ƙasa da shekara 18, mai tagwaye, wadda aka taɓa yi wa tiyata, mai hawan jini, da wadda ta haihu biyar ko fiye.

Mako 36 zuwa 42: saukowa

A mako na 36 jariri ya kai wajen kilo 2.6, kuma yawanci ya juyo da kai ƙasa. Uku ko huɗu cikin ɗari ne ke zuwa ƙarshe a zaune. In daya ta ce a zaune yake ko a gicciye, haihuwar ta asibiti ce, kada a bari wata ta murza ciki a gida da sunan gyara. Mai cikin fari za ta ji cikin ya sauka, numfashi ya buɗe, fitsari ya ƙaru. A mako na 40 tsawonsa wajen santimita 50 ne, nauyi kilo 3 zuwa 3.5.

Majinar da ke fita da ɗan jini kwanaki ko awanni kafin naƙuda toshiyar bakin mahaifa ce, ba zaƙin da ake cewa yana tare hanya ba. Ba ta bukatar magani. Jiƙon da ake ba mata don fitar da zaƙi ko gaggauta naƙuda yana iya matse mahaifa fiye da ƙima, jariri ya galabaita ko mahaifar ta tsage.

Naƙudar gaskiya tana da tsari: ciwon na zuwa daga baya ya zagayo mara, yana ƙara ƙarfi, tazararsa na raguwa, kwanciya ba ta kashe shi. Mai nisa ta kama hanya da zarar ya daidaita. In faya ta fashe a tafi ko babu ciwo, a kuma lura da launin ruwan: kore ko ruwan ƙasa na nufin jariri ya yi kashi a ciki. Kada ki yi yunƙuri sai daya ta ce bakin mahaifa ya buɗe santimita 10. Naƙudar da ta wuce awa 12, rana ta fito ta faɗi a kanta, ta zama ta likita. Jinkiri a nan, da yankan gishiri, su ke jawo yoyon fitsari. In mako na 41 ya cika shiru, ki je a duba, don mabiyiya na tsufa. Kada a bari ya wuce na 42.

Alamun da ba a kwana da su, ko a wane mako

Zubar jini ko yaya yake. Ciwon kai mai tsanani da dishin gani. Jijjiga ko suma. Zazzaɓi. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya saki. Zubar ruwa kafin lokaci. Haki a zaune. Rawayar ido. Raguwar motsi.

Awa 24 na farko

Ƙidaya ba ta ƙare da kukan jariri ba. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata, kuma a ranar farko ta fi faruwa. Daya tana da allura ko ƙwayar da ke matse mahaifa da zarar jariri ya fito. In zane ya jiƙe sharkaf cikin ɗan lokaci, ko mabiyiya ta wuce rabin awa zuwa awa guda ba ta faɗo ba, a murza mara, a sa jariri a nono, a kama hanya. A goge shi a ɗora a ƙirjinki, ya kama nono cikin awa ɗaya. Ruwan nonon farko mai kauri da rawaya shi ne rigakafinsa na farko, kada a matse a zubar. A jinkirta masa wanka zuwa washegari, kada a sa toka ko wani abu a cibiya sai abin da daya ta bayar. Wankan jego a yi shi da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa, a kuma yi hattara da kunun kanwa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta, da ciwon zuciya bayan haihuwa. Madidar hulba da romo sun wadatar. Ki ci gaba da ƙwayar ƙarin jini, a duba ku ke da jariri a rana ta uku, da cikin mako na biyu, da kuma mako na shida, ki tafi da katin awonki kowane zuwa.